Mai Laifin da Ba A Ambata Ba: Sharhi a kan Littafin *A Small Place*

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wani ɗan littafi da Jamaica Kincaid ta wallafa cikin harshen Ingilishi a shekarar 1988, mai suna *A Small Place*, watau ƙaramin wuri. Shafinsa bai wuce 80 da 'yan kai ba, amma ya ta da ƙura ƙwarai, domin ya tone yadda gwamnatin tsibirin Antigua ta cika da cin hanci da sakaci, alhali babu mai tuhumar kowa. Mai karatu yana iya tambaya me ya kawo littafin Ingilishi cikin takardun sashen Hausa. Amsa ita ce ƙarfin littafin da rauninsa duka a wuri guda su ke, watau a cikin wakilan suna: wanda a ke yi wa magana, da wanda a ke magana a kansa, da wanda aka ƙi ambata. Wannan kuwa sha'ani ne na nahawu, kuma idan aka auna shi da ma'aunin Hausa sai a ga waɗansu abubuwa da Ingilishi ya lulluɓe.

1. Tsibirin da marubuciyar

Antigua tsibiri ne a tekun Karibiyan, faɗinsa murabba'in mil 108. Shi da ƙaramin tsibirin Barbuda su ne ƙasa guda, wadda mutanenta duka ba su kai 100,000 ba sa'ad da aka rubuta littafin. Turawan Ingila sun zauna a can tun 1632, suka shiga noman rake da bayin da aka kwaso daga Afirka. An 'yanta bayin a 1834, amma gonaki suka ci gaba da zama hannun masu su, jikokin bayi kuwa suka ci gaba da aikin ƙwadago a cikinsu.

Daga cikin ma'aikatan nan Vere Cornwall Bird ya taso. Ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago a 1943, Babban Minista a 1960, Firimiya a 1967. Ya faɗi zaɓe a 1971, ya dawo a 1976, kuma shi ya karɓi mulkin kai ranar 1 ga Nuwamba 1981. Ya riƙe kujerar Firayim Minista har 1994, sa'an nan ɗansa Lester Bird ya gaje shi har 2004. Ya kamata a lura da wannan, domin mutumin da littafin ya ke zargin gwamnatinsa shi ne wanda talakawa su ke gani ya fitar da su daga hannun masu gonakin rake.

Ita kuwa marubuciyar an haife ta a birnin St. John's a 1949. Ta tafi Amurka aikin reno tana budurwa, ta zauna a can, ta zama ma'aikaciyar mujallar *The New Yorker*. Bayan kimanin shekara 20 ta koma ganin gida, abin da ta tarar shi ya haifi littafin.

2. Yadda aka tsara littafin

Littafin kashi huɗu ne. A kashi na farko marubuciyar ta kama hannun baƙo ɗan yawon buɗe ido, Bature daga Amurka ko Turai, tun daga saukarsa a filin jirgin sama wanda aka sa wa sunan Firayim Minista, ta bi da shi cikin motar haya har masaukinsa. Duk abin da ya gani a hanya sai ta gaya masa abin da ke ƙarƙashinsa. Ya ga sababbin motocin Japan a kan hanya mai ramuka, ta bayyana masa cewa bankuna sun fi saurin ba da rancen mota bisa ga na gida, kuma ministoci suna da hannu a kamfanonin sayar da motocin. Ya wuce asibiti, ta gaya masa ministoci ba sa kwanciya a ciki, jirgi su ke hawa zuwa Niyok in ciwo ya kama su. Ya ji daɗin rana da rashin ruwan sama, ta tuna masa wannan fari ne ga mazauna wurin.

Kashi na biyu ya koma zamanin mulkin Ingila, da titunan da aka sa wa sunayen mayaƙan ruwan Ingila, da kulob ɗin masu kuɗi wanda baƙar fata ba ya shiga sai in bara zai yi. Kashi na uku, wanda ya fi tsawo, shi ne ya jera laifuffukan gwamnatin 'yan ƙasa. Na huɗu gajere ne, yana siffanta kyan tsibirin, ya ƙare da cewa jikokin bayi, tun da sun sami 'yanci, sun zama 'yan Adam kamar kowa, masu iya yin daidai da iya yin ɓarna.

Tsarin nan yana da hikima. Marubuciyar ba ta fara da kuɗin da aka sace ba, wanda mai karatu ba zai iya gani ba. Ta fara da hanya da makaranta da asibiti, abubuwan da ido ke gani, daga nan ta bi sawu zuwa aljihun da kuɗin ya shiga. Duk malamin da ke koya wa ɗalibai rubutun zube zai amfana da wannan darasi.

3. Jimlar da ba ta da mai aiki

Abin da ya fi kome tsayawa a zuciyar mai karatu shi ne labarin laburaren St. John's. Girgizar ƙasa ta lalata ginin a 1974. Aka kafa allo a gabansa mai sanar da jama'a cewa ginin ya lalace kuma ana jiran gyara. Marubuciyar ta dawo bayan fiye da shekara 10 ta tarar da allon yana nan, ba a taɓa ginin ba, littattafai kuwa an kwashe su zuwa saman wani kanti, da yawansu suna rubewa cikin kwalaye. Da ta nemi ganin ministan da abin ya shafa, sai ta tarar ya tafi Trinidad kallon wasan kurket.

Masu sharhi da yawa sun ɗauki laburaren a matsayin alamar lalacewar ilmi bayan tafiyar Turawa. Haka ne, amma ga mai nazarin harshe allon ya fi ginin muhimmanci. Jimlar da ke kansa ta faɗi aikin da za a yi, ba ta faɗi mai yinsa ba, ba ta kuma faɗi ranar yinsa ba. Saboda haka ba ta taɓa zama ƙarya, ko da za ta shekara 50 a tsaye, kuma babu wanda za a kama da ita.

Hausa tana da kayan aikin da ya fi na Ingilishi sauƙin yin wannan. Muna da wakilin sunan nan da ba ya nuna kowa, wanda ke fitowa a siffar "an" da "aka" da "ana" da "a ke" da "za a". Idan magini ya ce "zan gyara," ya ɗaure kansa. Idan hukuma ta ce "za a gyara," ba ta ɗaure kowa ba. Haka nan "an ci kuɗin" ya tabbatar da cin, ya sallami mai ci. Asalin amfanin wannan siga ladabi ne da kunya, kamar yadda mace ta kan ce "an dawo" tana nufin mijinta, ko yaro ya ce "ana kira" yana nufin mahaifinsa. Amma abin da ke suturta babba don girmamawa shi ne kuma ke suturta ɓarawo in ya shiga ofis.

A nan ne babban ra'ayin littafin ya ke. Marubuciyar ta nuna cewa ɓarnar gwamnatin Antigua ba asiri ba ce. Direban mota ya sani, mai sayar da kifi ta sani, kowa yana iya nuna maka gidan da aka gina da kuɗin haram. Abin da ya ɓace shi ne hanyar da sanin zai bi ya zama tuhuma. A ganinta mutanen ƙaramin wuri su kan ɗauki kowane al'amari kamar abin da ya faɗo musu daga sama, su yi ta maimaita labarinsa har ya zama hira, ba tare da sun tsaya sun jera shi daki-daki sun ce wane ya yi kaza ran kaza ba. A Ingilishi kalma guda ce ke ɗauke da ma'anar ba da labari da ta ba da lissafi, kuma marubuciyar ta dogara a kanta ƙwarai. Hausa ta raba su: labari daban, hisabi daban. Da wannan rabuwa za mu iya taƙaita littafin duka, mu ce Antigua ƙasa ce mai yawan labari, marar hisabi.

4. Zambo ga baƙo, habaici ga minista

To, sai mu juya ma'aunin nan a kan littafin kansa. Wa marubuciyar ta ke yi wa magana?

Ingilishi kalma guda gare shi a inda Hausa ke da "kai" da "ke" da "ku". A kashi na farko kalmar tana nufin baƙo guda, mai hutun 'yan kwanaki. A kashi na biyu, ba tare da wata sanarwa ba, sai ta koma nufin Turawan mulkin mallaka gaba ɗaya, na da da na yanzu. Mai karatu Bature ya shiga littafin a matsayin mai yawon shan iska, kafin ya farga an ɗora masa laifin shekara 300. Wannan dabara ce mai ƙarfi, amma harshen Ingilishi ne ya ba da aronta. Duk wanda ya zo fassara littafin da Hausa tilas ya zaɓa tun daga jimlar farko, ko "kai" ko "ke", kuma tilas ya nuna inda aka tsallaka zuwa "ku". Nan take ɗinkin zai fito fili, mai karatu ya tambaya ko daidai ne a haɗa mai sayen tikitin jirgi da mai sayen bayi a jimla guda. Marubuciyar tana da amsa, cewa jin daɗin na yau a kan wahalar da na jiya ya shuka ya ke zaune. Amsar tana da nauyi, sai dai a Ingilishi ba a ma tilasta mata ta bayar da ita ba.

Abu na biyu ya fi wannan girma. A cikin adabinmu mun bambanta zambo da habaici. Mai zambo ya kan siffanta wanda ya nufa har kowa ya gane shi, mai habaici kuwa ya kan jefa magana ya bar mai kashi a gindi ya tsargu. Kincaid ta yi wa baƙo zambo ƙiri-ƙiri, ta dube shi ido da ido, ta siffanta jikinsa da tafiyarsa da cin abincinsa. Amma da ta zo kan masu mulki, galibi sai ta koma habaici: wani minista, wani babban jami'i, wata mata da ke tare da wani babba. Da yawa daga zarge-zargen kuma da "mutane suna cewa" aka kawo su. Ashe ita ma ta faɗa cikin "an" ɗin da ta ke kuka da shi.

Akwai uzuri, kuma adalci ne a faɗe shi. A ƙasar da a ke ɓoye takardun gwamnati, a ke kuma kai ɗan jarida kotu, jita-jita ita kaɗai ce ma'ajiyar tarihi da talaka ke da ita. Ga kuma dokar ɓata suna, wadda kowane mawallafi ke tsoro. Har wa yau, a tsibirin da kowa ya san kowa, habaici bai da nisa da zambo, domin mutumin St. John's ya san ministan da a ke nufi. Amma wannan uzuri shi ya komo da mu ga tambayar farko. Wanda ya san ministan ba shi a ke yi wa magana ba. Mutanen Antigua a kashi na uku sau da yawa "su" ne, ana bayyana halinsu ga wani na waje. Baƙon da a ke yi wa faɗa ba shi da ƙuri'a a Antigua, iyakar abin da zai iya shi ne ya ji kunya ya sauya wurin hutu. Mai ƙuri'a kuwa yana gefe yana jin ana ba da labarinsa.

Wani rauni kuma shi ne yadda aka yi wa Kwarori, watau 'yan kasuwa 'yan asalin Siriya da Lebanon, kuɗin goro. Littafin da ke koya mana illar hukunta mutum da launin fatarsa bai kamata ya hukunta wata al'umma da asalinta ba. In wani ɗan kasuwa ya ba da toshiya, shi ya bayar, kuma akwai wanda ya miƙa hannu ya karɓa.

5. Abin da ya biyo bayan littafin

Ba a auna littafin adabi da cikar duba, amma littafin da ya yi zargi dole a tambaya ko zarginsa ya tabbata. A nan tarihi ya goyi bayan marubuciyar.

A 1989 aka yi jigilar bindigogi 500 daga Isra'ila da sunan rundunar tsaron Antigua, wadda sojojinta ba su kai ko kusa da wannan adadi ba. Daga baya aka tsinci waɗansu daga cikin bindigogin a Kolambiya, a gonar José Gonzalo Rodríguez Gacha, ɗaya daga cikin manyan masu fataucin hodar ibilis na Medellín, bayan an kashe shi a watan Disamba na shekarar. Aka ɗauko lauya daga Ingila, Louis Blom-Cooper, ya yi bincike a 1990, ya ba da shawara kada Vere Bird ƙarami, babban ɗan Firayim Minista, ya sake riƙe muƙamin gwamnati. Ya sauka daga minista, amma kafin shekara 10 ta cika ya koma kujerar minista a gwamnatin ƙanensa.

A shekarar 1990 ɗin dai kotun ƙoli ta Majalisar Sarauniya a Landan ta yanke hukunci a shari'ar Tim Hector, editan jaridar *Outlet*, wanda gwamnati ta gurfanar a ƙarƙashin dokar da ta haramta buga labarin ƙarya mai iya rage amincewar jama'a da yadda a ke tafiyar da mulki. Kotun ta ce wannan sashe na dokar ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. Sa'an nan a 2009 bankin Allen Stanford, Ba'amurken da Antigua ta ba lambar girma, ya rushe, aka gane zamba ce ta kimanin dala biliyan 7. Kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 110 a 2012. Leroy King, shugaban hukumar da aka ɗora wa sa ido a kan irin waɗannan bankuna a Antigua, ya amsa laifin taimaka masa, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 10 a 2021.

Mai lura zai ga cewa a duk waɗannan hisabin daga waje ya zo: lauyan Ingila, kotun Landan, kotun Amurka. Wani zai ce ashe marubuciyar ta yi daidai da ta juya fuskarta waje. Amma lissafin bai cika ba. Shari'ar Landan ba ta taso ba sai da wani ɗan ƙasa ya zauna cikin tsibirin yana buga jarida, yana ambatar sunaye, yana shiga kotu yana fita. Kuma abin da ya kawo ƙarshen mulkin gidan Bird ƙuri'ar mutanen Antigua ce a zaɓen 2004, sa'ad da jam'iyyar Baldwin Spencer ta ci, majalisa kuma ta zartar da dokokin hana cin hanci, da bayyana dukiyar masu muƙami, da 'yancin neman bayani daga hukuma. Dokokin ba su hana abin kunyar Stanford fitowa bayan shekara 5 ba, amma sun nuna mutanen ƙaramin wuri suna iya jera al'amari su yanke hukunci a kansa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, wani lokaci kuma shi ke hawa ya toshe. Littafin bai ba irin waɗannan mutane gurbin da ya dace da su ba, kuma wannan shi ne babban gibinsa.

6. Hukunci, da amfaninsa ga malamai

Duk da abin da aka faɗa, littafin ya cancanci karatu. Fushinsa na gaskiya ne, kuma an sarrafa shi da gwaninta, cikin dogayen jimloli masu komawa kan kalma guda kamar mai daka. Ya ƙi yarda da uzuri biyu da aka saba ji. Bai bar Bature ya ce ɓarnar bayan tafiyarsa ta fara ba, domin ya nuna a makarantar mulkin mallaka aka koyi cewa hukuma abin tatsa ce. Bai kuma bar ministan ƙasa ya fake da Bature ba, domin girgizar ƙasa ce ta rushe laburare, amma gwamnatin 'yan ƙasa ce ta bar shi a rushe. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Marubuta kaɗan ne suka iya riƙe zargin nan biyu tare ba su saki ɗaya ba.

Ga malaman kwalejojin horon malamai akwai aiki iri biyu da za a iya ciro wa ɗalibai daga wannan nazari. Na farko, a ba su labarin baƙon nan a taƙaice, a ce su rubuta shi da Hausa sau biyu, sau ɗaya da "kai" ana nufin baƙo, sau ɗaya da "ku" ana nufin 'yan ƙasa masu zaɓe, sa'an nan su duba abin da tilas ya sauya cikin hujja da lafazi. Za su tarar cewa mai yi wa 'yan ƙasa magana ba ya iya tsayawa a kan ban kunya, dole ya kawo suna da rana da adadi, ya kuma faɗi abin da za su yi. Na biyu, a kawo kowace sanarwar hukuma da aka rubuta da Hausa, a sa ɗalibai su ja layi a ƙarƙashin kowane "an" da "ana" da "za a", su gwada mayar da mai aikin cikin jimlar. Inda ya mayu, ladabi ne ko taƙaitawa. Inda ya ƙi mayuwa, a nan ya kamata a yi tambaya.

Hausa ba ta rasa kalmar da ta dace da wannan sha'ani ba. Muna kiran muƙami amana, muna kiran ɓarnarsa cin amana, kuma ba a yin amana sai da mutum biyu sanannu, mai bayarwa da mai karɓa. Ɗalibin da ya koyi neman waɗannan biyu a cikin kowace jimla ya sami abin da littafin Kincaid ya ke nema wa mutanen Antigua, ya kuma sami ma'aunin da zai auna littafin da shi.